Kamu goma sha takwas: tarihin ma'aunin matsin ruwa da iska

A ɗakunan shan magani na Maraɗi ko Damagaram, idan ma'aikacin jinya ya ɗaura wa mutum ƙyallen awo a dantse, ya hura masa iska, ya saurara na ɗan lokaci, sai ya ɗaga kai ya ce: «Tansiyo sha biyu bisa takwas.» Idan mutumin nan ya ƙetare iyaka ya isa Katsina a ranar, za a ce masa ɗari da ashirin bisa tamanin. Jininsa bai sauya ba a hanya. Likitocin da suka gaji al'adar Faransa suna ƙidaya da santimetir, waɗanda suka gaji ta Ingila kuwa da milimetir. Amma santimetir goma sha biyu na mene ne? Amsar ita ce na zaiba, wannan farin ƙarfe mai gudu kamar ruwa. Ma'ana, ƙarfin da jini ke tura bangon jijiya ya isa ya ɗaga zaiba tsawon santimetir 12 a cikin bututun gilashi.

Abin lura a nan shi ne yadda aka mayar da ƙarfin da ido ba ya gani ya zama tsawo wanda kowa ke iya aunawa da ma'aunin tela. Wannan dabara ita ce tushen na'urar da ake kira manometir, wato ma'aunin matsi. Tarihinta ya ɗauki kusan shekara ɗari huɗu, kuma ya faro ne daga wata magana da wani mai gyaran famfo ya faɗa.

Iyakar da masu sana'a suka sani

Tun kafin masana su sa baki, masu haƙar ma'adinai da masu gyaran famfo a Turai sun san wani abu daga aikinsu na kullum. Famfon da ke zuƙo ruwa daga sama, komai kyansa, ba ya iya ɗaga ruwa ya wuce wani tsawo. Galile, babban masanin Italiya, ya kawo zancen a littafinsa na ƙarshe wanda aka buga a shekara ta 1638. A ciki an ba da labarin wani famfo da ya daina jawo ruwa da zarar ruwan rijiya ya yi ƙasa. Da aka kira mai gyara, sai ya ce famfo lafiyarsa lau, ruwan ne ya yi nisa, domin babu famfo, babba ko ƙarami, da zai zuƙo ruwa fiye da kamu goma sha takwas. Kamun nan na awon Fulorans ne, jimillarsa wajen metir 10.

Malaman wancan zamani suna da bayanin da suka gada daga Aristo, masanin Girka: halitta tana ƙin wofi, shi ya sa idan sandar famfo ta ɗaga, ruwa ke bin ta da sauri don kada a bar fili babu komai. To, idan haka ne, me ya sa wannan ƙiyayya take ƙarewa a kamu goma sha takwas? Galile ya yi tsammanin ruwan da ke cikin bututu kamar igiya yake, idan ya yi tsawo da yawa sai nauyinsa ya tsinke shi. Tun a 1630 wani masani daga birnin Jenowa, Giovanni Battista Baliani, ya rubuta masa wasiƙa yana mai zaton nauyin iska na da hannu a ciki, amma Galile bai karɓi wannan ra'ayi ba.

Wajejen shekara ta 1640, Gasparo Berti ya kafa dogon bututun darma a bangon gidansa a Roma, ya cika shi da ruwa, ya toshe samansa, ya buɗe ƙasansa a cikin baho mai ruwa. Ruwa ya ɗan sauka, sa'an nan ya tsaya cak a daidai tsawon da mai gyaran famfo ya faɗa. Sama da shi kuwa aka bar wani fili da babu wanda ya san abin da ke ciki. Gardama ta kaure, sai dai gwajin yana da wuyar maimaitawa, don ba kowa ke da bututu mai tsawon bene hawa uku ba.

Toriceli ya gajarta gwaji

Evangelista Toriceli ya zo wurin Galile a ƙarshen 1641, ya zauna da shi watanni uku na ƙarshen rayuwarsa, daga baya ya gaje shi a matsayin masanin lissafi na fadar Fulorans. Dabararsa mai sauƙi ce. Zaiba ta fi ruwa nauyi sau 13,6. Idan wani ƙarfi ne ƙayyadadde ke riƙe da ruwa a metir 10, to wannan ƙarfin ba zai riƙe zaiba fiye da santimetir 76 ba. Da taimakon abokin aikinsa Vincenzo Viviani, aka cika bututun gilashi mai tsawon kusan metir ɗaya da zaiba, aka toshe bakinsa da yatsa, aka kifa shi a cikin kwano mai zaiba, aka janye yatsa. Zaiba ta sauka ta tsaya wajen santimetir 76. An gwada da bututu mai siririn kai da mai babban kai kamar tulu, tsawon bai sauya ba. Da a ce wofin da ke sama ne ke jan zaibar, da babban wofi ya fi ƙarami ja.

A wata wasiƙa da ya aika wa Michelangelo Ricci a Roma ran 11 ga watan Yuni 1644, Toriceli ya bayyana fahimtarsa. Ƴan Adam, a ganinsa, suna zaune ne a ƙarƙashin tekun iska kamar yadda kifi ke zaune a gindin kogi, kuma wannan iska tana da nauyi. Ita ce ke danna zaibar da ke cikin kwano, ta tura ta cikin bututu, har sai nauyin abin da ya hau ya yi daidai da dannawar da ke waje. Ashe famfo bai taɓa jan ruwa ba. Abin da yake yi shi ne ya rage iskar da ke cikin bututu, iskar waje kuma ta turo ruwan sama iya ƙarfinta. Ƙarfin nan kuwa ya kai kimanin nauyin kilo ɗaya a kan kowane fili mai faɗin farcen ɗan yatsa, wato santimetir ɗaya tsawo da faɗi.

Toriceli ya rasu a 1647 yana da shekara 39, bai wallafa komai a kan wannan gwaji ba. Labarin ya isa Faransa ta hannun Marin Mersenne, wani limamin Kirista a Paris wanda ke musayar wasiƙu da masanan Turai duka.

Dutse da bututun shaida

A birnin Rouen, a 1646, wani saurayi ɗan shekara 23 mai suna Blaise Paskal ya maimaita gwajin tare da mahaifinsa da wani injiniya, Pierre Petit. Garin yana da masana'antar gilashi, don haka Paskal ya sa aka yi masa bututai masu tsawon kusan metir 12. Masu adawa da batun wofi sun ce filin da ke saman bututu cike yake da tururin abin da aka zuba, kuma wannan tururi ne ke danna shi ƙasa. Paskal ya tambaye su: tsakanin ruwa da ruwan inabi, wanne ya fi tururi? Suka ce ruwan inabi. Ke nan, bisa ga maganarsu, shi ya kamata ya fi sauka. Da aka yi gwajin a bainar jama'a, sai ruwan inabi ya tsaya sama da ruwa, saboda ya fi shi rashin nauyi.

Duk da haka akwai sauran hujja guda. Idan nauyin iska ne ke riƙe da zaiba, to a kan dutse, inda iskar da ke bisa kan mutum ta ragu, dole zaiba ta sauka. Paskal ba shi da ƙoshin lafiya, kuma a lokacin yana Paris. Sai ya rubuta wa mijin yayarsa, Florin Périer, wanda ke zaune a Clermont, a gindin dutsen Puy de Dôme mai tsawon metir 1465.

Ran 19 ga watan Satumba 1648, da safe, Périer ya tara wasu malaman coci da manyan gari a lambun wani gidan ibada da ke ƙasan birnin. Ya cika bututu biyu da zaiba iri ɗaya, dukansu suka tsaya a tsawo guda, kimanin santimetir 71. A nan ne ya yi abin da ya ba aikinsa daraja. Ya bar bututu ɗaya a lambun, ya sa alama a gilashin, ya roƙi wani malamin gidan, Fada Chastin, ya zauna ya sa masa ido yini guda. Ɗayan kuma ya hau da shi dutse tare da shaidu. A ƙololuwa, kusan metir 1000 sama da lambun, zaiba ta tsaya ƙasa da santimetir 63. Bambancin ya kai santimetir 8 da rabi. Périer bai gamsu da awo ɗaya ba. Ya maimaita sau biyar a wurare dabam-dabam na kan dutsen, a cikin ɗaki da waje, cikin iska da hazo da yayyafi. A hanyar saukowa ya sake aunawa a tsakiya, ya sami tsawon da ke tsakanin biyun. Da suka iso lambu, Fada Chastin ya shaida cewa zaibarsa ba ta motsa ba tun safe.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Amma gani kaɗai bai isa ba a wannan rana, domin mai gardama na iya cewa yanayi ne ya sauya, ko zaibar ce ta lalace a hanya. Bututun da aka bari a ƙasa shi ya rufe wannan ƙofa. Da za a yi irin wannan tafiya daga Yamai, wadda ke wajen metir 200 sama da teku, zuwa ƙololuwar duwatsun Bagzan a Ayar, mai metir 2022, da zaiba ta sauka kusan santimetir 15.

Daga nan Paskal ya tsara ƙa'idodin da aka buga a 1663, shekara guda bayan rasuwarsa. Matsi a cikin ruwa yana ƙaruwa da zurfi, yana turawa ta kowace fuska daidai wa daida, kuma bai damu da faɗin mazubi ko siffarsa ba. A Jamus kuma, a shekarun 1650, magajin garin Magdeburg, Otto von Guericke, ya haɗa ƙoƙuna biyu na jan ƙarfe baki da baki, ya zuƙe iskar ciki, ya sa dawakai takwas ta kowane gefe su ja, suka kasa raba su. Da aka buɗe ƴar ƙofar iska, sai suka rabu da kansu.

Yadda bututu ke awo

Na'urar Toriceli tana auna abu guda ne, nauyin iskar sararin sama, kuma ita ce aka sa wa suna barometir. Mataki na gaba shi ne a yi amfani da wannan dabara a auna matsin kowace iska ko kowane ruwa da ke rufe a cikin mazubi. A 1662 Robert Boyle, a Ingila, ya bayyana gwajin da ya yi da bututu lanƙwasasshe mai gajeren reshe a toshe da dogon reshe a buɗe. Ya tsare ƴar iska a gajeren reshen, ya dinga zuba zaiba ta dogon. Da zaibar dogon reshe ta ɗara ta gajeren da kimanin tsawon barometir guda, sai iskar da aka tsare ta takure ta koma rabin filinta. Matsi ya ninka, fili ya ragu da rabi. Edme Mariotte ya gano haka nan a Faransa bayan shekara goma sha wani abu, shi ya sa littattafan makarantun Nijar ke haɗa sunayen mutanen biyu a kan wannan ƙa'ida. Kalmar manometir kuwa masanin lissafi Pierre Varignon ne ya ƙirƙiro ta a farkon ƙarni na 18, daga kalmar Girkanci mai nufin abu marar kauri da kuma wadda ke nufin awo.

Manometir mafi sauƙi bututu ne mai siffar harafin U, da ruwa ko zaiba zuwa rabinsa. Idan bakunan biyu a buɗe suke, ruwan zai tsaya daidai a rassan biyu, domin iska ɗaya ce ke danna su. Wannan shi ne abin da magina ke dogaro da shi sa'ad da suke daidaita harsashin gini da tiyo mai ruwa. Idan aka haɗa baki ɗaya da mazubin da ke da iska a matse, ruwan wannan reshe zai sauka, na ɗayan ya hau, har sai nauyin abin da ya hau ya tare turawar. Bambancin tsawo tsakanin rassan biyu shi ne awon. Idan iskar mazubin ba ta kai ta waje ƙarfi ba, sai ruwan ya karkata ta ɗaya gefen.

Abubuwa uku kaɗai ke shiga lissafin: tsawon da aka gani, nauyin ruwan da aka zuba, da jan da ƙasa ke yi wa kowane abu. Faɗin bututu ba ya ciki, domin bututu mai faɗi yana ɗauke da ruwa mai yawa, amma kuma nauyin ya bazu a kan fili mai faɗi. Saboda haka mai awo ke zaɓen ruwansa bisa ga buƙata. Ƙaramin matsi, irin na iskar da ke bin bututun hayaƙi, da ruwa ake auna shi don motsin ya fito sarai, wani lokaci ma a kishingiɗe bututun don ƙaramin hawa ya zama doguwar tafiya. Babban matsi kuwa sai zaiba, wadda santimetir ɗaya nata ya yi daidai da santimetir 13,6 na ruwa.

Akwai kuma tambayar abin da ake gwadawa da shi. Idan reshe na biyu a buɗe yake, awon yana nuna yadda matsin ya ɗara na iskar waje. Irin wannan ne mai facin taya ke karantawa, shi ya sa ma'auninsa ke nuna sifiri a kan tayar da ta sace, alhali akwai iska a cikinta. Idan reshe na biyu a toshe yake babu iska a ciki, awon na cikakken matsi ne. Idan kuma aka haɗa rassan biyu da wurare biyu na bututu guda, sai a sami bambancin da ke tsakaninsu. Da dabara makamanciyar wannan Henri Pitot ya auna gudun ruwan kogin Seine a 1732, kuma bututun da ke ɗauke da sunansa shi ke gaya wa matuƙin jirgin sama saurin da yake yi.

Zamanin tururi

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 18, awon matsi harkar masana ce. Injin tururi ne ya mayar da shi batun rai da mutuwa. Tun a 1679 Denis Papin ya ƙera tukunyar ƙarfe mai murfi a ɗaure wadda ke dafa ƙashi ya yi laushi, ya kuma sa mata ƙofar tsaro da ke buɗewa idan tururi ya yi yawa. Amma a ƙarni na 19, da masana'antu da jiragen ruwa da na ƙasa suka koma ga tururi mai ƙarfi, tukwanen suka riƙa fashewa suna hallaka ma'aikata da fasinjoji. Gwamnatin Faransa ta nemi majalisar masananta ta binciki alaƙar zafi da matsin tururi. Pierre Dulong da François Arago suka kafa dogon bututun zaiba a cikin wata tsohuwar hasumiya da ke harabar makarantar Henri IV a Paris, suka kai awonsu fiye da ninki ashirin na nauyin iskar sarari, suka gabatar da sakamako a 1829.

Matsalar ita ce tsawo. Tukunyar da ke aiki da ninki shida tana buƙatar bututun zaiba na metir 4 da rabi. Ana iya jingina irin wannan a bangon masana'anta, amma ba a kan jirgin ƙasa mai girgiza ba. A 1849 Eugène Bourdon, maƙerin agogo da injuna a Paris, ya yi rajistar wata na'ura da ba ta da ruwa ko kaɗan. Ya ɗauki bututun tagulla, ya ɗan taushe shi, ya lanƙwasa shi kamar lauje, ya toshe ƙarshensa. Idan tururi ko ruwa ya shiga da ƙarfi, bututun yana neman kumbura ya koma zagayayye, wannan kuma na tilasta laujen ya ɗan miƙe. Ƙarshen da ke motsi an haɗa shi da ƙaramin haƙori mai juya allura a kan fuska irin ta agogo. Na'urar ta sami yabo a baje kolin Landan na 1851, kuma a 1852 Edward Ashcroft ya sayi izinin ƙera ta a Amurka. Ita ce har yau ake gani a kan tukunyar iskar walda, da injin hura taya, da kwalbar iskar numfashi a asibiti.

Sai dai allurar Bourdon ba ta da gaskiyar kanta. Tagulla na gajiya, haƙori na cinyewa, allura na iya nuna ƙarya ba tare da kowa ya sani ba. Lambobin da ke fuskarta an rubuta su ne bayan an gwada ta da wani ma'auni da aka amince da shi, kuma dole a riƙa sake gwada ta. Wannan buƙata ce ta sa Louis Cailletet ya kafa manometir na zaiba mai tsawon metir 300 a jikin hasumiyar Eiffel, jim kaɗan bayan gina ta a 1889, wanda ke iya kaiwa kusan ninki 400. Kazalika, ma'auni ba ya maye gurbin amana. A watan Afrilu 1865 tukwanen jirgin ruwan Sultana suka fashe a kogin Misisipi, mutum fiye da dubu ɗaya suka mutu, akasarinsu sojojin da aka sako daga bursunan yaƙi. An yi wa tukunya ɗaya facin gaggawa, an kuma loda wa jirgin mutane ninkin-ba-ninkin abin da aka ƙayyade masa.

Daga jinin goɗiya zuwa dantsen mutum

A gefe guda kuma likitoci na bin tasu hanya. Stephen Hales, limamin coci a ƙauyen Teddington kusa da Landan, ya wallafa a 1733 yadda ya ɗaure wata goɗiya, ya sa ƙaramin bututun tagulla a jijiyar jininta, ya haɗa shi da bututun gilashi a tsaye. Jini ya hau kimanin metir 2 da rabi, yana ɗan hawa da sauka tare da bugun zuciya. Wannan shi ne awon farko na matsin jini, jinin da kansa ne ya zama ruwan ma'auni. A 1828 Jean Poiseuille, ɗalibin likita a Paris, ya maye dogon gilashin da ƙaramin bututun U mai zaiba. Daga aikinsa ne likitoci suka gaji ƙidaya da milimetir na zaiba.

Duk waɗannan hanyoyi suna buƙatar a yanka jijiya, don haka ba su da amfani ga marar lafiya. A 1896 Scipione Riva-Rocci, likita a Turin ta Italiya, ya kawo ƙyallen roba da ake ɗaurawa a dantse a hura masa iska, haɗe da bututun zaiba. Ana matse dantse har jini ya daina wucewa, sa'an nan a riƙa sassautawa. Matsin da ke cikin ƙyallen a lokacin da bugun jini ya dawo daidai yake da na cikin jijiya. A 1905 Nikolai Korotkov, likitan soja a birnin Saint-Pétersbourg na Rasha, ya ƙara saurare. Idan aka ɗora na'urar sauraren ƙirji a gwiwar hannu, ana jin ƙwanƙwasa da zarar jini ya fara kutsawa, wannan shi ne lamba ta sama. Inda ƙarar ta ɓace kuma ita ce lamba ta ƙasa. Tansiyo 12 na nufin jinin mutum zai iya ɗaga ruwa sama da metir ɗaya da rabi. Idan awo ya riƙa kaiwa 14 bisa 9 ko fiye a ranaku dabam-dabam, likitoci na kiransa hawan jini, cutar da kan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba kafin ta kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda. Ba domin ma'auni ba, da yawancin masu ita ba za su sani ba sai ta kayar da su.

Kammalawa

A 1971 babban taron ƙasashe kan awo da ma'aunai ya sa wa ma'aunin matsi na duniya sunan paskal. Nauyin iskar sarari a bakin teku paskal 101 325 ne, wato kaɗan sama da bar ɗaya, daidai da santimetir 76 na Toriceli, daidai kuma da kamu goma sha takwas na mai gyaran famfo. Zaiba kuwa tana barin fage. Guba ce mai lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kamar yadda bala'in garin Minamata na Japan ya nuna tun daga 1956. Yarjejeniyar da ke ɗauke da sunan wannan gari, wadda aka rattaba wa hannu a 2013 ta fara aiki a 2017, ta tanadi a daina ƙerawa da cinikin yawancin ma'aunai masu zaiba. Na'urorin lantarki masu siririn faifai da ke lanƙwasa idan an danna shi sun karɓi aikin. Amma lambar da suke nunawa a asibiti har yanzu milimetir ne na zaibar da babu ita a cikinsu.

Iyakar da Galile ya kasa warwarewa tana nan yadda take. Manomin rani a Gulbin Maraɗi ko a fadamun Korama ya san injin ban ruwansa na daina jawowa idan ruwan rijiya ya yi ƙasa da metir 7 ko 8, domin a aikace ba a kaiwa cikakkun goman nan. Shi ya sa yake haƙa rami ya sauke injin kusa da ruwa. Rijiyoyi masu zurfin gaba da yawa kuma sai da famfon da ke nutse a ciki yana turowa daga ƙasa. Haka nan tankin ruwan gari ake ɗora shi a bisa dogayen ƙafafu, saboda kowane metir 10 na tsawo yana ba da kusan bar ɗaya a bakin famfo.

Malamin da ke son nuna wa ɗalibansa wannan tarihi ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Tiyo mai haske na metir biyu, da allon katako, da ma'aunin santimetir, da ruwan da aka rina da zoɓo sun isa. A lanƙwasa tsakiyar tiyon a jikin allo, a zuba ruwan, a sa yaro ya hura ta baki ɗaya, wani ya karanta bambancin. A tsoma wannan bakin a cikin bokitin ruwa, a ga yadda bambancin ke ƙaruwa da zurfi. Sa'an nan a kafa tiyo na biyu a gefe, a sa yaro guda ya zauna ya tsare shi kamar yadda Fada Chastin ya yi, a tambayi ajin amfanin zamansa.